Riga Mai Lambar Auta

Shekarar da kamfanoni suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya kamar zubar haƙoran tsoho, a gidan da muke haɗa katanga mutum ɗaya ce ta rage mai fita aiki. Ita ce 'yar farinsu, wadda unguwa ke kira Mai Guga, don a ɗakin wankin wani asibiti take aiki, tana goge zannuwan gado da fararen rigunan likitoci. Mijinta ya rasu, ta dawo gaban iyayenta. Albashinta ba abin a zo a gani ba ne, amma ba ya fashi, kuma da shi ake ɗora tukunya a gidan. Bayan haka, ma'aikacin asibitin nan in ciwo ya kama shi, kyauta ake yi masa magani.

Tana da ƙane, Auta, wanda abokansa ke kira Injiniya saboda ya yi karatun gyaran injuna. Kamfanin robobin da yake wa aiki ya sallame su gaba ɗaya. Tun daga nan aikinsa ya zama zama a benci a ƙofar gida da waya a hannu, yana zagin masu mulki. Ubansu tsohon direba ne da ciwon baya ya sauke daga mota. Uwarsu, Inna, ita ce mai faɗa a ji.

Ana nan sai aka yi sanarwa a rediyo. Hukuma ta fito da shirin rage zaman banza: duk gidan da babu mai albashi ko ɗaya za a ba shi gurbin aiki guda. Gidan da ke da mai albashi, komai ƙanƙantarsa, ba ya ciki. Wanda ya tsara wannan doka bai taɓa zama a tsakar gida irin namu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ranar Mai Guga ta dawo da yamma, ko mayafi ba ta cire ba Inna ta shimfiɗa mata tabarma, abin da ba ta saba yi ba.

"Zauna, Babba. Kin ji abin da rediyo ya faɗa?"

"Na ji, Inna. Mu ai ba ma ciki."

"Saboda wa ba ma ciki?"

Mai Guga ta dubi uwarta, ta dubi Auta da ke jingine da bango yana danna waya.

"Yaya, ke ce kika tare hanya," in ji Auta. "Ɗan wannan abin da ake ba ki, shi zai hana ni aikin hukuma? An ce waɗanda suka shiga shirin su za a fara ɗauka in an buɗe ofisoshi. Mai takarda irina ai kujera za a ba shi."

"Auta, ɗan wannan abin shi ka ci da rana."

"Kin ji ko, Inna? Gori ya fara."

"Ba gori ba ne," in ji Inna. "Babba, namiji ne. Shi zai riƙe gidan nan gobe. Ke yau ko gobe wani ya fito ki tafi. Ki ajiye na ɗan lokaci, in ya kama ƙasa sai ki koma. Zanin gado zai ƙare a asibiti ne?"

Mai Guga ta juya wajen ubanta, wanda ke zaune a bakin ɗakinsa yana gyaran igiyar takalmi.

"Baba, kai me ka ce?"

Tsohon bai ɗago ba. "Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki," ya ce a hankali.

"To ka ci ƙwan kai kaɗai," in ji Inna. "Ɗanka ya tsufa a benci."

Tsohon ya ci gaba da gyaran takalminsa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma daga baya ya gane karin magana ba ta tsare gida in mai gidan bai tsaya a bayanta ba.

Da Mai Guga ta je ajiye aikin, shugabar ɗakin wanki ta yi ta ba ta baki. "Ke, a wannan zamanin ake ajiye aiki? Kin ga layin da ke bakin ƙofa kullum? Kafin dutsen gugarki ya huce an ba wata." Mai Guga ta ce iyaye ne suka ce. Ta miƙa katinta na ma'aikata, ta fito tana goge ido da gefen mayafi. Da masu bincike suka zo gidan, suka tarar babu mai albashi. Aka rubuta Auta.

Daga nan sai jira. Damina ta wuce, ba kira. Mai Guga ta sayi dutsen guga na gawayi ta kafa tebur a zaure, amma wanda bai ci ya ƙoshi ba, ina ruwansa da karin riga? Masu kawo kaya suka ragu har suka ɗauke ƙafa. Tukunyar da ake ɗorawa sau biyu ta koma sau ɗaya. Mai Guga ta koma asibiti a ɓoye ta tambaya, ta tarar da wata a kan teburinta, tana guga da dutsen da ita ta naɗe wa mariƙi da tsumma. Shugabar ta ce, "Na faɗa miki." Ta kama hannunta ta rako ta har ƙofa.

A gida kuwa laifin ya dawo kanta. In abinci bai isa ba, sai Inna ta ce, "Mace babba a gida, ko dabarar sana'a babu." Auta ya ce, "Haƙuri za ki yi, Yaya, aikin hukuma ba a yi masa gaggawa." Haƙuri maganin zaman duniya ne, gaskiya, amma ban taɓa ganin mai cewa a sha shi yana kurɓa ba.

Rannan kira ya zo. Auta ya yi wanka, Mai Guga ta goge masa rigarsa mai dogon hannu, ya fita yana ƙamshi. Kafin azahar ya dawo fuska a murtuke, ya jefar da wani ƙunshi a tsakar gida. Riga ce marar hannu mai ruwan lemo, irin mai ƙyallin nan da direba ke hangowa daga nesa, da lamba a bayanta. Sai doguwar tsintsiya mai sanda.

"Shara!" ya ce. "Sharar titi da kwasar kwata! Ni! Abokaina su wuce su gan ni da tsintsiya?"

"To ka mayar musu," in ji Mai Guga.

"In na mayar an soke sunana. Kujerar fa?"

Inna ta ɗauki rigar ta kakkaɓe ta, ta juya ta gaba da baya. Ta daɗe tana dubanta. Sannan ta dubi 'yarta.

"Babba, ai ke ba kya komai."

"Inna!"

"Shara ai aikin mata ce tun fil azal. Ki riƙe masa kafin a buɗe ofisoshin. Ɗan'uwa rabin jiki. In kin yi, shi ya yi."

Mai Guga ta sake juyawa wajen bakin ɗakin ubanta. Wannan karon tsohon ya tashi ya shige ciki, ya saki labule.

Washegari da sassafe ta sa rigar a kan kayanta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta tafi babban titi inda ake taruwa. Mai duba aiki yana kiran lamba, ba suna ba. Da ya kira ta Auta ta amsa, ya ɗago ya dube ta.

"Wannan lambar ta namiji ce."

"Ƙanena ne, ranka ya daɗe. Ba shi da lafiya."

"Allah ya ba shi lafiya," in ji shi, yana murmushi. "Rabin mutanen nan ƙannensu ba su da lafiya. Ni lamba nake ƙirgawa, ba fuska ba. Kama daga gada zuwa gidan mai."

Wata mai shara, doguwa mai bakin barkwanci, wadda ita ma da lambar mijinta take aiki, ta ji labarin mai lambar. Daga ranar ta raɗa wa Mai Guga suna.

"Injiniya, barka da asuba! Yaushe ka fara ɗaura zane?"

"Tun ranar da naki mijin ya fara jego," in ji Mai Guga. Suka yi dariya, irin dariyar da ake yi don kada a yi kuka.

Aikin ba wasa ba ne. Hannun da ya saba da farin zane ya shiga kwata. Tafinta ya yi kanta, ya tsattsage. Hayaƙin motoci ya sauka mata a ƙirji, ta kama tari. Amma abin da ya fi ci mata rai ba wannan ba ne. Motar da ke kai ma'aikatan asibiti ta wannan titin take bi. Duk safiya in ta hango ta, sai ta juya baya ta sunkuya kamar mai tsintar wani abu, har motar ta wuce. Juya bayan nan ya zame mata jiki.

Kuɗin aikin kuwa ta wayar Auta yake shigowa, tunda sunansa ne. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Yakan yanka wani abu ya ba Inna na cefane, sauran ya ce na neman aiki ne. Ya sayi takalmi mai sheƙi. Rannan Mai Guga ta ce a ba ta na maganin tari da safar hannu.

"Yaya, kin san yadda nake fama? Kullum ina hanya, wannan ofis, wancan ofis. A ƙafa zan je?"

"Ni ma ba a mota nake shara ba."

"Ki sha ruwan zafi," in ji Inna. "Tari ai ba ciwo ba ne. Kada ki riƙa tayar masa da hankali, yana da abin da ke gabansa."

Kuma in ta dawo, ita ce mai girki, ita ce mai wanki, ita ce mai goge rigar da Auta zai sa ya je ya zauna a benci. Mu maƙwabta muna gani. Mukan haɗu da ita da tsintsiya a kafaɗa mu ce sannu da aiki, mu kau da kai. Kowa ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da wannan karin maganar unguwa guda ta wanke hannunta.

Wata safiya motar asibiti ta taho, Mai Guga ta juya baya ta sunkuya yadda ta saba. Wata motar kaya da ke ƙoƙarin wuce ta asibitin ta hau gefen titi. Mai Guga ba ta gan ta ba, sai da ta kwashe ta. Direban bai tsaya ba.

Doguwar nan ce ta sheƙo gida da gudu, ba ko takalmi. Inna da Auta suka isa kafin a sami motar da za ta ɗauke ta. Tana kwance a bakin kwata, ƙafar dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, idonta biyu. Auta ya durƙusa a kanta. Mutane suka ɗauka ɗaga ta zai yi. Sai suka ga yana zare mata rigar, hannu ɗaya, sannan ɗayan, tana nishi. Ya dunƙule rigar ya tura cikin mayafin Inna.

"Kai, Injiniya," in ji doguwar tana duban Auta, "ashe ka san hanyar wurin aikinka."

Ba wanda ya yi dariya.

Asibitin da ta bari nan aka kai ta. Ba ta da kati yanzu, baƙuwa ce kamar kowa. Likita ya duba hoton ƙashin ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, in ba haka ba ƙafar ba za ta koma daidai ba. Abin da za a biya kuwa, ko an sayar da duk abin da ke gidan ba zai kai ba. Tana kwance tana shafa zanin gadon, sai yatsanta ya taɓo wani ɗinki a gefe. Ita ta yi shi da hannunta. Ta ja zanin ta rufe fuska.

Ana haka sai ga wata jami'a daga ofishin shirin, mace mai natsuwa, da jaka a kafaɗa. Ta tarar da su duka a bakin gado: Inna, Auta, da tsohon da ya dogaro sanda ya zo. Ni ma ina gefe, na zo dubiya.

"An ce mana mota ta buge wata a inda mutanenmu ke shara," in ji ta. "Mai duba aiki ya ce ba tasu ba ce. Sauran masu sharar sun ce ba su ga komai ba." Ba mamaki, kowa da kashi a gindinsa. "Amma ni na ga tafin hannunta. Bari in faɗa muku yadda dokar take, don kada ku ji tsoro. In ita ke yin aikin da lambar wani, za a mayar da gurbin da sunanta. Shirin zai biya kuɗin aikin ƙafar, kuma in ta warke aikinta na jiranta. Mai lambar kawai za a soke, ba zai ƙara shiga ba. Ba kotu, ba 'yan sanda."

Ranar wanka ba a ɓoye cibi, haka muka ji daga manya. Ashe akwai masu wanka da riga.

"Burodi ta fita saya," in ji Inna. "Tsautsayi ne."

"Ni nake aikina," in ji Auta. "Ga rigata ma a gida."

Jami'ar ba ta kula su ba. Ta juya wajen tsohon.

"Baba, kai ne babba. Kai zan yarda da maganarka. Wa ke fita da tsintsiya a gidanka?"

Tsohon ya riƙe sandarsa da hannu biyu. Inna ta kafa masa ido. Auta ya ce, "Baba," a hankali, kamar yadda yake kiransa yana yaro in yana son a ɗauke shi. Tsohon ya dubi ƙasa, ya dubi silin, ya dubi ko'ina ban da gadon.

"Yaron ne," ya ce.

Jami'ar ta numfasa. Ta sunkuya kan Mai Guga ta janye zanin daga fuskarta.

"'Yar'uwa, ƙafarki ce. Ke za ki taka ta, ba su ba. Faɗa mini."

Mai Guga ta dubi ubanta. In ta ce ita ce, ta mayar da shi maƙaryaci a gaban baƙuwa, a gaban maƙwabci, da furfurarsa. Ta daɗe tana dubansa.

"Yadda Baba ya faɗa," ta ce. "Wucewa nake yi."

Jami'ar ta miƙe, ta gyara jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Allah ya ba ki lafiya," ba ta yi wa sauran sallama ba.

Aka dawo da ita gida aka kira mai ɗori. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma karaya irin wannan ta fi ƙarfin kara da tsumma. Ihun da ta yi ranar ɗorin, duk layinmu babu wanda ya iya cin abinci. Ƙafar ta haɗe a karkace, ta gajarce. Mai tsayuwa wuni guda a kan teburin guga, yanzu daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta huta.

Inna ta ce ƙaddara ce, wa ya isa ya tsallake abin da aka rubuta masa? Auta ya ce laifin direba ne, da hukumar da ba ta gyara titi. Ni kuwa na ce zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa. Direba bai san ta ba. Hukuma ba ta san ta ba. Waɗanda suka san ta, suka ci daga hannunta, su suka tuɓe mata riga tana kwance a bakin kwata.

Saura rigar. Inna ta wanke ta da sabulu har sau nawa, amma akwai wani tabo a ƙasan lambar da ya ƙi fita. Dole wani ya amsa lambar nan, in ba haka ba a soke ta. Auta ya sa ta ya fita, ya rufe fuska da hula. Bai cika mako ba ya ce ƙura na tayar masa da ciwon kai, kuma yana da ganawa da wani babban mutum. Rigar ta kwana a kan igiya. Inna ta fara zancen ko za a nemi wata 'yar dangi daga ƙauye.

Da sassafe na fito, sai na ga tsohon a zaure yana kokawa da rigar, bayansa ya ƙi miƙewa. Ba wanda ya sa shi. Tun ranar asibiti bai ƙara cin abinci a tsakar gida ba, bai ƙara zama cikinmu a majalisa ba, in ya hango ni sai ya sauya hanya. Ya ɗauki tsintsiyar, ga sanda a ɗaya hannun, ya rasa wadda zai ajiye.

Sai ga Mai Guga ta fito tana jan ƙafa, tana dafa bango. Tsohon ya daskare. Tun dawowarta bai yarda sun haɗa ido ba. Na ɗauka yau za ta faɗa masa abin da ke cikinta, kuma wallahi da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Ta matso ta gyara masa wuyan rigar, ta ɗaure masa igiyar gefe. Ta ciro wani tsumma mai tsabta, gogagge, ta ɗaura masa a hanci.

"Baba, in mai duba aiki ya kira lamba, ka amsa da ƙarfi, ba ya son maimaitawa. Ka fara daga gada, can rana ba ta bugu da wuri." Ta ƙara gyara masa ɗaurin tsumman. "Kuma ka riƙa fuskantar motoci. Ko wa ka hango, ko wa zai gan ka, kada ka juya baya."

Tsohon ya jingine sandar a bango ya fita da tsintsiya.

Har yau shi ke amsa lambar. Ofisoshin ba a buɗe ba, Auta na nan a benci da takalminsa mai sheƙi. Masu wucewa ta babban titi sun san wani tsoho mai lanƙwasasshen baya da rigar lemo, wanda ba ya sunkuyar da kai ko an gaishe shi da sunan ɗansa. Doguwar nan ta ce mini aikinsa ba laifi, sai dai abu ɗaya. Akwai wani wuri a bakin kwata, kusa da gidan mai, in ya iso nan sai ya tsaya ya yi ta shara, ya yi ta shara, alhali babu ko tsinke a wurin, har sai ta zo ta kama hannunsa ta ce, "Baba, ya isa. Nan ba ya fita."